Likita A Cikin Aljihu

Kowane malami ya san yara arba'in a aji ba su ɗaukar karatu da kai ɗaya. To, haka sha'anin lafiya yake. Shi ya sa yanzu ake shirya wa mutum gargaɗi nasa na kansa, ya riƙa zuwar masa ta wayar hannu.

Ga yadda abin yake. Ka faɗa wa wayar shekarunka da nauyinka da irin cimarka, ita kuwa ta yanka maka aiki daidai jikinka, kamar tela. A ce ga malami a unguwar Barade, mai shan shayin Mambila da sukari cokali huɗu, wanda ko kasuwa za shi sai a Keke. Ba za ta ce ya bar sukari yau ba, don ba zai bari ba. Sai ta ce makon nan cokali uku, ya kuma sauka tun da nisa ya ƙarasa gida da ƙafa. Tana ƙirga takunsa, in ya yi sanyi ta tuna masa.

Dabarar tana da tushe. A 2002 likitocin Amurka suka bayyana gwajin da suka yi da mutum fiye da 3,000 waɗanda ciwon sukari ke gab da kamawa. Waɗanda aka sa su rage ƙiba, su motsa jiki minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, na masu shan magani kuwa da kashi 31. Amma can mutane ne ke bin kowa suna ƙarfafa shi, abin da tsada. Wannan aiki ake so waya ta yi da araha. A Senegal, cikin azumin 2014, an fara aika wa masu ciwon sukari saƙo, su sha ruwa sosai da sahur, su yi hankali da dabino wajen buɗa baki.

Sai dai yawancin shirye-shiryen nan a ƙasashen Turawa aka tsara su. Ba su san tuwon masara ba, balle yawan gishirin da ke cikin ɗunkulen miya, alhali gishirin yini bai kamata ya kai giram 5 ba. Hawan jini kuma ba ya sallama. Kafin mutum ya bi umurnin waya, ya fara zuwa asibiti a auna shi, ya nuna wa likita abin da ta ce.