KAFIN KU SAYI GILASHIN KYAMARA NA HANNU

A yau da wuya a yi ɗaurin aure, ko baftisma, ko taron Zumuntar Mata, ba a ga wani matashi rataye da kyamara ba. Wasu da wannan sana'a suke ciyar da iyali, wasu ikkilisiyoyi kuma da kuɗin baiko suke sayen kayan. To, sabon gilashi mai zuƙo nesa kusa yana da ɗan karen tsada, shi ya sa yawancinmu na hannu muke saya. Ba laifi ba ne, domin gilashi mai kyau yakan fi kyamarar kanta daɗewa. Sai dai ba a cinikin biri a sama.

Da farko, ku tabbata zai hau kyamararku. A shekarar 1987 kamfanin Canon ya sake bakin gilasansa, saboda haka tsofaffi masu alamar FD ba sa hawa kyamarar EOS kai tsaye. A 2018 kuma Canon da Nikon suka fito da sababbin baki, wato RF da Z, waɗanda sai da adafta suke karɓar na da. Don haka ku tafi kasuwa da kyamararku.

Na biyu, ku karanta lambobin da ke jikinsa. Irin su 18-55mm ko 70-300mm suna nuna iyakar zuƙowarsa, amma lambar da ta fi damunmu ita ce ta ƙofar haske. Gilashi mai f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na mai f/5.6. A filin taro da rana ba za a ga bambanci sosai ba, amma a cikin majami'a, musamman in an ɗauke wuta, mai ƙaramar ƙofa zai mai da amarya da ango dishi-dishi.

Babban gwaji shi ne na tocila. Ku cire murfin gaba da na baya, ku haska ta gefe ɗaya, ku leƙa ta ɗayan. 'Yar ƙura kada ta tsorata ku. A ƙasar da ake hunturu kowace shekara babu gilashin da zai rasa ta, kuma ba ta cika fitowa a hoto ba. Abin gudu shi ne funfuna, wadda kan yi kama da saƙar gizo-gizo a ciki. Laima ce ke kawo ta, kamar in an kulle kaya cikin jaka damina guda. Tana yaɗuwa, in ta daɗe kuma takan ci fuskar gilashin har gogewa ba ta maganinta. Haka ma hazo, wanda ke kashe kaifin hoto. Ƙarzuwa kuwa, ta gilashin baya ta fi ta gaba illa.

Bayan haka ku murɗa zoben zuƙowa daga farko har ƙarshe. In ya cije, ko ya yi ƙaras-ƙaras kamar da yashi a ciki, akwai magana. In bakin gaba ya loɓa, gilashin ya taɓa faɗuwa ke nan. Ku ɗaura shi, ku saurara ko yana saita hoto da kansa ba tare da kai-da-komo ba. Sannan ku manna jarida a bango, ku ɗauke ta daga gaba sosai, ku duba kusurwoyi huɗu. In rubutun gefe ɗaya ya fito rangaɗau, na ɗayan ya dushe, to gilasan ciki sun goce, gyaransu kuwa yakan kusa kuɗin wani.

'Yan'uwa, ba a maimaita ɗaurin aure don hoto ya lalace. In mai kaya ya hana ku gwadawa, ku yi masa godiya ku wuce, kome arahar. In kuwa kuɗin ikkilisiya ne, ku tafi ku biyu, ku karɓi rasit mai ɗauke da lambar gilashin, domin amana ce. Wanda kuma zai sayar da nasa, ya faɗi aibinsa tun kafin a tambaye shi. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.