Keken BMX Kuruza: Awo Huɗu Da Ya Kamata A Duba Da Waya Kafin A Biya Kuɗi

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, keke ya dawo da darajarsa a garuruwan arewacin Kano. A Dambatta, Makoɗa, Bichi, Kunci da Tsanyawa, inda ƙauye ke kusa da ƙauye kuma gona ke jikin gona, tafiyar kilomita uku zuwa biyar ita ce ta yau da kullum: zuwa makaranta, zuwa kasuwa, zuwa wurin cajin waya. Dattawa sun riƙe dogon kekensu irin Raleigh da Phoenix. Matasa kuwa idonsu ya fi karkata ga kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, cikinsu har da masu rubutun BMX a jiki.

Matsalar ita ce yawancin masu saye fenti da girman taya kawai suke kallo. Bayan mako guda sai a fara kukan ciwon baya da gwiwa, ko kan keken ya riƙa wulƙitawa da zarar ya shiga rairayi. Abin da ke jawo wannan yana cikin ƙirar firam, wato ƙashin keken, kuma ana iya gano shi da tef ɗin tela da wayar hannu tun ba a fitar da ko kwabo ba.

Mene ne BMX kuruza?

Wasan BMX ya samo asali ne a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka wajen farkon shekarun 1970, lokacin da yara suka riƙa kwaikwayon tseren babura a filin ƙasa da ƙananan kekunansu, musamman samfurin Schwinn Sting-Ray da ya fito a 1963. Wasan ya bunƙasa har ya shiga gasar Olamfik ta birnin Beijin a 2008. Keken BMX na asali taya mai inci 20 gare shi, an ƙera shi don tsalle da ɗan gajeren tsere, kuma mahayinsa a tsaye yake tuƙi mafi yawan lokaci. Shi ya sa sirdinsa yake can ƙasa.

Kuruza yayansa ne. Siffarsu ɗaya, giya ɗaya, amma tayarsa galibi inci 24 ce, kuma hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ware masa rukuninsa daban a gasa. Babbar taya ta fi iya haye ƙananan ramuka da kwararon da zaizayar ruwa ta bari, ba ta kuma nutsewa cikin yashi da sauri kamar ƙarama. Wannan ne ya sa mai inci 24 ya fi mai inci 20 dacewa da saurayin da ya kawo ƙarfi kuma yake bin hanyoyin ƙauye. Sai dai ba duk kuruza ne iri ɗaya ba, bambancin yana cikin awo huɗu.

1. Tsawon sandar sama

Ita ce sandar da ta taso daga wuyan keke, inda fok yake shiga, zuwa sandar da ke riƙe da sirdi. Ana aunawa daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. A kekunan BMX da ita ake faɗin girman keke, ba da tsayin sandar sirdi ba kamar yadda ake yi wa dogon keke. A kuruza na manya takan kama daga inci 21 zuwa 22. Inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi, kamar ba wani abu ba ne, amma a jiki ana jin sa sosai. Idan sandar ta yi gajarta, gwiwa za ta riƙa bugun kan keke wajen shan kwana, bayan mahayi ya lanƙwashe. Idan ta yi tsawo, sai ya riƙa miƙa hannu har kafaɗa ta gaji. Mai matsakaicin tsayi inci 21 zuwa 21.5 ya ishe shi, dogo kuwa ya nemi mai kusan 22.

2. Kusurwar wuyan keke

Wuyan keke ba a miƙe yake sak ba, ya ɗan jingina baya. Yawan jinginar nan ne ke nuna ko kan keken mai zafi ne ko mai natsuwa. BMX na wasa mai inci 20 yakan kai digiri 75, wato wuyansa ya kusa miƙewa, don haka da an ɗan taɓa kan sai ya juya. Kuruza yakan tsaya tsakanin digiri 72 zuwa 74. Dogon keken dattawa yana ƙasa da 70, shi ya sa mutum zai ɗora masa buhun gero ya riƙe kan da hannu ɗaya yana tafiya sumul.

A kan kwalta kai mai zafi yana da daɗin sarrafawa. A burtali mai yashi kuwa yakan zama hatsari, domin tayar gaba tana shiga rairayi sai ta karkace gefe ta kayar da mahayi. Saboda haka mai bin hanyar gona ya fi son 72 ko 73.

A nan ne waya take shigowa. Kusan kowace wayar zamani tana da na'urar da ke gane karkatar wayar, ita ce ke juya hoton fuskar waya idan an kwantar da ita. Manhajojin auna kusurwa da ke Play Store da ita suke aiki, masu iPhone kuma suna da irin wannan a cikin manhajar Measure da ta zo da wayar. Sai a cire wa wayar rigarta, a tsayar da keken a kan daɓen siminti mai daidai, a fara ɗora wayar a ƙasa don tabbatar da ta nuna sifili, sannan a manna gefenta a jikin wuyan keken. Idan ta nuna 73, shi ne awon. Wasu manhajojin daga tsaye suke ƙirgawa, idan suka nuna 17 sai a ɗebe shi daga 90, a samu 73. Awon waya na iya kuskure da digiri ɗaya, don haka a maimaita sau uku.

3. Tsawon bayan keke

Ana auna wannan daga tsakiyar mazaunin feda zuwa tsakiyar ƙarfen da tayar baya ke juyawa a kansa. A BMX na wasa yakan kasance wajen inci 13, a kuruza kuma wajen inci 15 zuwa 16. Gajeren baya yana sa ɗaga tayar gaba ya yi sauƙi, abin da masu nuna bajinta ke so ke nan. Dogon baya yana sa keke ya zauna da kyau, ya tafi a miƙe. Ga ɗalibin da ke rataye da jakar littattafai a baya, gajeren baya yana sa gaban keken ya riƙa yin sama wajen hawa tudu. Tayar baya tana zamewa gaba da baya a cikin tsagar firam, don haka idan kaca ta kai, ana iya ja da tayar baya kaɗan a ƙara wa keken natsuwa.

4. Tsayin mazaunin feda daga ƙasa

A yawancin kuruza wannan yana kusa da inci 12. Idan ya yi ƙasa, keken ya fi natsuwa kuma ƙafa tana saurin taɓa ƙasa. Idan ya yi sama, feda ba za ta riƙa dukan kunya ko gefen turbar da sawun babura ya zurfafa ba. A auna har da hannun feda: tsawonsa yana rubuce a bayansa, galibi milimita 170 ko 175. Mai gajeriyar ƙafa 170 ya fi masa, ya kuma rage dukan ƙasa wajen kwana.

Firam ɗin lafiyayye ne?

Kayan gwanjo ba sa zuwa da tarihinsu. A shafa ƙarƙashin sandunan biyu da suka haɗu da wuyan keke. Idan fenti ya yamutse ko ƙarfen ya ɗan kumbura, alama ce keken ya taɓa karo da gaba, kuma kusurwarsa ta canja. A kalli fok daga gefe, kada ya lanƙwashe ya koma baya. Sannan a ɗaura zare a tsagar tayar baya ta dama, a zagayo da shi ta gaban wuyan keke, a dawo da shi tsagar hagu. Tazarar zaren daga sandar sirdi ta zama daidai a ɓangarori biyu. Idan ta bambanta sosai, firam ya murɗe, keken zai riƙa jan gefe guda har abada.

Irin ƙarfen ma abin dubawa ne. Mai alamar 4130 ko Cr-Mo ƙarfe ne mai ƙwari da rashin nauyi. Mai alamar Hi-Ten ya fi nauyi da araha. Mai alamar 6061 alminiyom ne, kuma idan ya tsage, mai walda na bakin hanya ba zai iya ɗinke shi da injinsa na yau da kullum ba. Ƙaramin mayen ƙarfe ya isa gwaji: idan bai kama ba, alminiyom ne.

Lambar taya

Ba duk tayar da aka rubuta wa 24 ce ke shiga kowane wili mai 24 ba. A jikin taya akwai wata lamba kamar 47-507. Ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma girman wilin. Kuruza na gama-gari 507 ne, amma akwai wasu wilin inci 24 masu 520 da 540 waɗanda tayarsu ta fi wuyar samu. BMX mai inci 20 lambarsa 406 ce, dogon keke kuma 635. Kafin a saya a ɗauki hoton lambar da waya, a nuna wa mai faci ko mai sayar da kayan keke a kasuwa mafi kusa, a ji ko yana da irinta. Keken da babu tayarsa a kusa, ranar da ƙaya ta gama da ita jingine shi za a yi a zaure.

Daidaita keke bayan an saya

Sirdi ne na farko. A auna tsawon ƙafa daga matsematsi zuwa ƙasa, a ninka da 0.883. Abin da ya fito shi ne tazara daga tsakiyar mazaunin feda zuwa saman sirdi. Mai ƙafa santimita 80 zai samu kusan 71. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce a zauna a ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Da yake firam ɗin kuruza gajere ne, sau da yawa sai an sayi doguwar sandar sirdi. A jikinta akwai layin da ke nuna iyakar fitowa. Duk wanda ya zaro ta ya wuce layin, yana iya tsaga firam ko sandar ta karye yana kai.

Na biyu kan keke. Na kuruza tsayinsa wajen inci 5 zuwa 6 ne, na mai inci 20 kuwa yakan kai 8 zuwa 10. Ɗora dogon a kan kuruza yana mayar da nauyi baya, gaban ya yi sakayau. A ɗaure kan ya bi layin fok idan an kalle shi daga gefe, kada a tura shi gaba kamar yadda wasu ke yi don gayu.

Na uku giya. Lissafin mai sauƙi ne: haƙoran farantin gaba, a raba da haƙoran firiwil, a ninka da girman taya. Masu tsere a inci 20 sukan sa 44 da 16, ya ba da 55. A kuruza 41 da 18 ne ke ba da kusan haka. Idan aka sa 44 da 16 a taya 24 lissafin zai kai 66, wanda zai sa mahayi ya sauka ya tura a cikin yashi. Ga hanyoyin rairayi, tsakanin 48 zuwa 52 ya fi: 36 da 18 sun ba da 48, 39 da 18 sun ba da 52. Kacar faɗinta ɗaya da ta dogon keke, don haka samun ta ba wahala. A ja ta har ya zama tana motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya a tsakiya. Da rani kada a cika mata baƙin mai, domin ƙura na manne masa ta riƙa cin haƙora.

Sai iska. Taya mai faɗi da aka ɗan rage wa iska ta fi tafiya a yashi, amma idan ta yi laushi da yawa wili zai tsinke tif a kan dutse. Bakin tif ɗin BMX irin na babur ne, famfon dogon keke ba lalle ya kama shi ba. A lura kuma fedar hagu baibai ake kwance ta. Yawancin BMX birkin baya kaɗai gare su, mai fitowa titin Kano zuwa Daura ko na Katsina ya sa bakanike ya ƙara masa na gaba idan fok ɗin yana da wurin ɗaurawa.

Wa ya dace ya saya?

Kuruza ba shi da kariya, kuma yawanci babu ramukan ɗaura ta. Mai kai buhu kasuwar Dambatta ranar Lahadi, ko mai ɗebo ruwa da jarka, dogon keke ya fi masa nesa ba kusa ba. Amma ga ɗalibi ko mai ƙaramar sana'a da ke son keke mai ƙwari, mara yawan gyara, kuruza mai sandar sama daidai tsayinsa, wuya digiri 72 ko 73, baya wajen inci 15 da rabi da wili 507 zai yi masa aiki shekaru. Awon duka bai fi minti goma ba a gaban mai sayarwa, kuma mai sayarwar da ya hana a auna ya riga ya ba da amsa.