Kaluluwa da Fargabar Sankarar Jini

Kaluluwa wasu 'yan ƙananan ƙulli ne da ke warwatse a cikin jikin ɗan Adam, yawansu ya kai wajen 600. Wasu suna can ciki, a ƙirji da cikin ciki, inda hannu ba ya kai wa. Waɗanda ake iya taɓawa su ne na wuya, da ƙarƙashin haɓa, da bayan kunne, da hammata, da matsematsi. Aikinsu shi ne tace ruwan da ke tsatsowa daga sassan jiki kafin ya koma cikin jini, su riƙe ƙwayoyin cuta, fararen ƙwayoyin jini da ke cikinsu su hallaka su. Idan aikin ya yi yawa sai su kumbura. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yatsarsa ta yi ruwa yakan wayi gari da kaluluwa a matsematsi, mai ciwon haƙori ko na maƙogwaro kuma ta fito masa a wuya.

Mafi yawan kumburin kaluluwa irin wannan ne. Mura, ƙurji, miki, ciwon kunne, makero a kan yaro, ƙyanda, duk suna tayar da ita. Irin wannan takan fito da sauri, tana da zafi idan an taɓa, tana da taushi, tana kuma motsi a ƙarƙashin fata. Cikin mako biyu zuwa huɗu takan sace. Wata ba ta komawa yadda take da farko, sai ta tsaya kamar ƙwayar wake har shekaru, ba tare da wata illa ba. Yara ƙanana da mutane marasa jiki ana iya jin kaluluwarsu a wuya ko da lafiyarsu ƙalau, haka ma masu yawan tafiya ba takalmi a matsematsinsu.

Wani bincike da aka wallafa a 1988 a ƙasar Holan ya bi diddigin mutum 2,556 da suka je wa likita da kumburin kaluluwa wanda ba a san dalilinsa ba. Kashi 1.1 cikin 100 ne kawai aka samu da sankara. A cikin waɗanda ba su kai shekara 40 ba, adadin bai kai rabin kashi ɗaya ba. Wannan lissafin na Turai ne, amma darasinsa ya shafi ko'ina: sankara tana can ƙarshen jerin dalilai. A Najeriya da Nijar akwai wani abin da ya kamata a fara kawowa a rai idan kaluluwar wuya ta daɗe, wato tarin fuka. Cutar tana iya kama kaluluwa ba tare da mutum ya yi tari ko sau ɗaya ba. Ƙullin sukan manne da juna, wani lokaci su fashe su riƙa fitar da ruwa. Maganinta na wata shida ne, kuma kyauta ake bayar da shi a asibitocin gwamnati. Cutar ƙanjamau ma takan kumbura kaluluwa a wurare da yawa lokaci guda.

Sankarar jini kuwa iri-iri ce. Wadda ake kira lukimiya a ɓargo take farawa, alamominta su ne ƙarancin jini, da kasala, da zazzaɓi mai yawan dawowa, da zubar jini daga dasashi ko haɓo, da ciwon ƙashi. Wadda ake kira limfoma ita ce ke tsirowa a cikin kaluluwar kanta. Wani likitan Ingila, Thomas Hodgkin, ya bayyana wani nau'inta a 1832, har yau da sunansa ake kiran nau'in. A 1958 Denis Burkitt, wani likitan tiyata da ke aiki a Yuganda, ya bayyana wani nau'in da ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yara, wanda aka fi samu a yankunan Afirka masu yawan zazzaɓin cizon sauro. Wannan yana girma cikin 'yan kwanaki, don haka yaron da fuskarsa ke kumbura da sauri, haƙoransa na girgiɗa, ba a kwana da shi a gida ana jiran gani.

Akwai alamomin da likita ke ɗauka da muhimmanci. Kaluluwar da ta haura santimita 2, ko take ƙara girma, ko ta wuce mako huɗu ba ta ragu ba. Wadda take da tauri, ba ta motsi, ba ta kuma ciwo. Wadda ta fito a kwarmin da ke gindin wuya, saman ƙashin da ya haɗa ƙirji da kafaɗa, ko yaya ƙanƙantarta. Sai zazzaɓin da ya ƙi jin magani, da gumin dare mai jiƙa tufafi da shimfiɗa ko a lokacin sanyi, da ramar da ta cinye kashi 10 cikin 100 na nauyin mutum cikin wata shida. Ko da waɗannan sun haɗu, ba hukunci ba ne, domin tarin fuka ma haka yake zuwa. Dalili ne dai na zuwa asibiti cikin makon nan.

Tsoro yakan ja mutum zuwa ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Wani yakan ɓoye abin, ya ja wuyan riga, ya ƙi gaya wa kowa, don kada a ambaci sunan cutar. Wani kuma hannunsa ba ya barin wurin, yana latsawa safe da yamma, dare ya yi ya ɗauki waya yana bincike a intanet har asuba. Latsawar kanta tana hana kumburin sacewa, har ta sa wurin ya yi tsami. Fargaba kuma tana kawo gumi, da rashin cin abinci, da rashin barci, da bugun zuciya, sai mai ita ya ga kamar alamomin da ya karanta ne suke bayyana ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi rage wannan hali shi ne a sa wa lamarin wa'adi. Mutum ya rubuta ranar da ya fara ganin kumburin, ya duba shi sau ɗaya a mako, ya yanke ranar da zai ga likita idan bai ragu ba. Tsakanin nan ya ci gaba da sana'arsa da shiga mutane, domin zaman kaɗaici ne ke ciyar da wasiwasi. Gaya wa mutum ɗaya mai hankali, miji ko mata, wa ko ya, yana sauƙaƙa nauyin, kuma shi ne zai yi rakiya ya riƙe abin da likita ya faɗa, tunda mai firgici ba ya jin rabin bayani. Addu'a da tawakkali suna kwantar da hankalin mutane da yawa, kuma ba su hana zuwa gwaji ba.

A asibiti ana farawa da tambayoyi da duba jiki, sannan gwajin jini, da na ƙanjamau, da hoton ƙirji, da gwajin tarin fuka. Gwajin jini yana iya nuna lukimiya, amma mai limfoma yana iya samun sakamako mai kyau, don haka idan shakku ya rage sai a zuƙi ɗan ruwa da allura ko a ciro kaluluwar a duba ta da madubin likita. Wannan ne kaɗai ke tabbatarwa. Ana yin sa a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Sakkwato da Maiduguri. Sakamakon yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu ko fiye, kuma jinkirinsa ba ya nufin labari mara daɗi. Maganar da ake yi cewa daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe, wai allura ko wuƙar likita na watsa shi, ba ta da tushe, kuma ta sa mutane da yawa sun zo asibiti a makare.

Kafin gwaji akwai abubuwan da ke ɓata aiki. Sakiya ko tsaga a wurin wanzami na iya shigar da wata cutar. Mafi haɗari su ne ƙwayoyin Prednisolone da Dexamethasone da ake saya a kemis, waɗanda wasu ke sha don ƙiba. Suna sace kumburin limfoma na ɗan lokaci, su rikita sakamakon gwaji, su kuma rura tarin fuka.

Idan an tabbatar sankara ce, da yawa daga irinta suna warkewa. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na masu limfomar Hodgkin suna rayuwa bayan magani, ta Burkitt ma tana jin magani sosai. Abin da ke rage wannan adadi a ƙasashenmu shi ne zuwa a makare, da tsadar magani, da yanke shi a tsakiya. Idan kuma gwaji ya nuna babu komai amma mutum ya kasa natsuwa, yana yawo daga likita zuwa likita watanni, to fargabar ce ta zama ciwon, kuma likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara suna maganinta ta hanyar zaman tattaunawa, wani lokaci a haɗa da magani.