Wutar Lantarkin da ke Jikinki da Sirrin Ruwan Gishiri da Sukari

 

Yau da tambaya zan fara. Kina tuƙa tuwo, hannunki ya taɓa gefen tukunya, kafin ki ce "wash!" kin riga kin janye. Wa ya kai labarin zafin, wa ya dawo da umarni cikin ƙiftawar ido? Wutar lantarki ce, wadda jikinki ke yi da kansa, ba ruwansa da NEPA.

Ga yadda abin yake. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani, tantanin nan kuwa tamkar iyakar Illela da Ƙonni yake: akwai ƙofofi, kuma ba kowane kaya ake bari ya wuce ba. A ruwan da ke wajen ƙwayar, sinadarin sodiyam ne ya fi yawa, wato wanda ke cikin gishirin miyarki. A ciki kuma fotasiyam ne, irin wanda ake samu a ayaba da wake da dabino. Dukansu suna ɗauke da cajin lantarki. Akwai wani ɗan famfo a jikin tantanin da ba ya hutawa, yana fitar da sodiyam 3, yana shigo da fotasiyam 2. Wannan bambanci na ciki da waje shi ke mayar da ƙwayar ɗan ƙaramin batir, wanda ƙarfinsa bai kai kashi 1 cikin 20 na batirin tocila ba.

To, da zafi ya taɓa fatarki, sai ƙofofin sodiyam na jijiyar wurin su buɗe, sodiyam ya yi tururuwa ciki, cajin ya juye. Nan take su rufe, na fotasiyam su buɗe, ya fita, komai ya koma daidai. Juyewar nan ita ke buɗe ƙofar da ke gaba, ita ma ta buɗe ta gaba, kamar wutar daji a busasshiyar ciyawa, har saƙo ya kai lakar gadon baya da ƙwaƙwalwa. A wasu jijiyoyin yana gudun mita 120 cikin daƙiƙa ɗaya. Masana biyu 'yan Ingila, Hodgkin da Huxley, su suka bayyana wannan a 1952, bayan gwaji a kan wata halittar teku mai kaurin jijiya.

Kun tuna 2019 da aka rufe iyaka, kaya suka daina wucewa sai a Disambar 2020? Haka allurar kashe zafi take yi in za a yi ɗinki: ta toshe ƙofofin sodiyam, labarin ciwo ya rasa hanya. Dafin kunama kuwa akasin haka yake yi, ya hana ƙofofin rufuwa, shi ya sa raɗaɗin ba ya tsayawa.

Yanzu ga inda zancen ya shafe ki, uwa. Bugun zuciya da motsin hannu da ƙafa duk da wannan lantarki suke aiki. In yaro yana zawo da amai, ba ruwa kaɗai yake zubarwa ba, har da sodiyam da fotasiyam. Batir ya fara sanyi ke nan. Sai ki ga ya yi laƙwas, ko kuka ba ya iyawa, wani har jijjiga, zuciya ta rikice. Ruwa zalla ba ya mayar da abin da ya tafi.

Me ya kawo sukari a ciki? A bangon hanji akwai ƙofar da sodiyam ba ya shiga sai tare da sukari, ruwa kuma ya bi bayansu. A 1971, lokacin da kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a iyakar Indiya da Bangaladash, Dokta Dilip Mahalanabis ya ba mutane wannan haɗi, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

Saboda haka, 'yar uwa, kada ki jira sai ciwo ya zo cikin dare maigida ba ya nan. Ranar Lahadi in zai fita kasuwa, ki ce ya biya kyamis ya sayo miki ƙullin ORS da ƙwayar zinc, ki ajiye. Ki dama ƙulli ɗaya a tsaftataccen ruwa daidai yawan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita 1. Kada ki rage ruwan, kada ki ƙara gishiri da ka, domin gishirin da ya yi yawa shi ma yana rikita lantarkin, yana iya kisa. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, in ya yi amai ki dakata minti 10 ki ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni, ki zubar ki dama sabo. Zinc kuwa kwana 10 zuwa 14 ake ba shi, kuma kada ki janye nono ko abinci.

Amma in ya kasa sha, ko idanunsa sun faɗa, ko kin ga jini a kashinsa, ko ya fara jijjiga, to magana ta wuce gida. A aika a kira maigida ko wani babba, a tafi asibiti nan da nan.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.