Ɗingishin Kurtu Ba Ragwanci Ba Ne

Tun da aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau cikin Janairun 2024, ga kuma samarin 'Yankuzo da Tsafe da Bunguɗu da ke tafiya Daffo ta Zariya neman shiga soja, akan ji mutane a majalisa suna yanke hukunci cewa duk kurtun da ya dawo yana ɗingishi, alhali ba harsashi ne ya same shi ba, to, imma rago ne, imma sammu ya taka. Wannan hukunci zalunci ne, domin illar da ke jawo ɗingishin sananniya ce a wurin ma'abota ilimin tibbu tun 1855, lokacin da wani likitan soja Bajamushe mai suna Breithaupt ya bayyana kumburin da ke samun ƙafafun sojoji bayan doguwar tafiya.

Allah cikin hikimarsa ya gina ƙafar ɗan Adam da ƙasusuwa 26, biyar daga ciki dogaye ne masu miƙewa zuwa yatsu, na biyu da na uku kuwa su suka fi shan wuya. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya ya miƙe, ya sake lanƙwasawa, ya san ba ta karyewa a karon farko, sai an yi ta maimaitawa a wuri ɗaya har ta yi zafi ta rabu. Haka ƙashi ke tsagewa idan yaron da ya tashi da silifa a gona ya wayi gari cikin takalmi mai tauri, da kaya a baya, ana kora shi gudu da fareti a kan tsandauri, ba tare da hutun da ƙashin zai gyara kansa ba.

Akwai hanyar rage wannan illa: injiniyoyi sun ƙera faranti wanda idan mutum ya taka ya wuce, kwamfuta za ta nuna inda nauyinsa ke taruwa a tafin ƙafa, sannan a yanka masa shimfiɗar cikin takalmi gwargwadon haka. An jarraba wannan a kwalejin sojan ruwan Ingila da ke Dartmouth kan ɗalibai 400, aka buga sakamakon a 2011: masu shimfiɗar sun sami rauni 21, waɗanda ba a ba su ba 61. Amma sojan Amurka da suka zaɓa wa kurata takalmi bisa siffar sawu kaɗai, ba su ga raguwar rauni ba, abin da ke nuni da cewa tafiyar mutum ake aunawa, ba a yi da ka.

Kafin farantin ya iso gare mu, wajibi ne masu sayo takalma buhu-buhu su daina miƙa wa kowa abin da hannu ya ɗauko; a gwada da safa a ƙafa, da la'asar lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a kuma ƙara nisan tafiya sannu a hankali. Iyaye kuwa, idan bayan ƙafar yaro ya kumbura, yana zabura in an danna wuri guda da yatsa, kada a kai shi a ja masa ƙafa da sunan targaɗe. A nufi asibiti, a kuma sani hoton ƙashi kan kasa nuna tsagar cikin makonni biyun farko, kuma warkewa kan ɗauki mako shida zuwa takwas. Yaron da ya ba da kansa don tsaron jama'a amana ne a hannun hukuma, kuma mafi ƙarancin haƙƙinsa shi ne takalmin da ya yi masa daidai.