Motar da ke shan wuta da fetur: yadda za ta biya ka

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, masu sayen mota sun fara leƙen irin motocin nan masu ciki biyu: injin fetur, da batir babba wanda ake jona wa soket a yi masa caji. Mitsubishi Outlander PHEV, wadda ta fito a 2013, da Toyota Prius mai fulogi suna cikin waɗanda aka fi sani. Sun bambanta da Prius ta gama-gari, wadda inji da birki kaɗai ke cika ƙaramin batirinta.

Duk ribar motar nan tana ga caji. Batirin yana iya ɗaukar ka kilomita 40 ko 50, a sababbi ma fiye, ba tare da ɗigon mai ya ƙone ba. Idan ya ƙare ba ka cika shi ba, sai injin ya koma jan mota haɗe da nauyin babban batirin. A 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto daga alƙaluman motocin da ke kan titi, ta ga hayaƙin carbon da irin waɗannan motoci ke fitarwa ya ninka na gwaji kusan sau uku da rabi. Babban dalili shi ne masu su ba sa jona su yadda aka zata.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗi, dubi gidanka. Cika batirin Outlander a soket na gida yana cin kimanin awa biyar, a sababbi ma fiye. Kana samun wuta tsawon haka da dare? Kana da sola mai ƙarfi? In da janareto za ka riƙa caji, man da ka gudu a tanki shi za ka ƙona a tsakar gida, ga ƙara ga hayaƙi. Kuma a kira mai gyaran wuta ya duba wayar soket ɗin, don tsohuwar waya tana ɗaukar zafi idan aka daɗe ana jan wuta mai yawa.

A kan hanya, ka san inda za ka kashe cajinka. Batir ya fi amfani a cunkoson gari, inda ake taka birki a tashi, domin duk sanda ka ɗaga ƙafa daga totur, motar tana mayar da wani ɓangare na gudun ya zama caji. Mai hango danja daga nesa ya sassauta a hankali yana tara wuta. Mai danna birki da ƙarfi a ƙurarren lokaci yana zubar da ita. Gudu a babbar hanya kuwa yana shanye batir nan da nan. In za ka tashi daga Kano zuwa Kaduna, danna maɓallin ajiye caji, inji ya yi doguwar tafiyar, ka bar batirin sai ka shiga gari.

Zafinmu ma yana da nasa haraji. Ajiye motar a inuwa, kuma in tana da tsarin, kunna mata sanyi tun tana jone da soket, kada batir ya sha wahalar huce kujerun da rana ta gasa. A riƙa duba iskar taya.

Fetur kuma yana lalacewa idan ya daɗe a tanki, shi ya sa wasu motocin ke tayar da injin da kansu bayan 'yan watanni don su ƙona tsohon. Idan zirga-zirgarka duk ta cikin gari ce, rabin tanki ya ishe ka.