KWIKWIYON DA KE RAMEWA BA A SAN DALILI BA: ABIN LURA GA MASU KARNUKA A PAIKON KORE

Paikon Kore gari ne na manoma da makiyaya a ƙasar Gwagwalada, cikin yankin Babban Birnin Tarayya. Tun kafin a keɓe wannan yanki cikin 1976 domin gina sabuwar hedkwatar Nijeriya, Gbagyi da maƙwabtansu suke noman doya da dawa da masara a nan, Fulani kuma suna ratsawa da shanunsu. A gefen garin akwai ɗaya daga cikin gandayen kiwo da hukuma ta keɓe wa makiyaya a yankin Abuja. Sauran suna Kawu da Karshi da Rubochi. A wuri irin wannan kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin ruga da dare, shi ke korar birai daga gonar masara, shi ne kuma abokin maharbi idan rani ya yi.

Duk da wannan aiki, da wuya a sami dabbar gida da ake yi wa riƙon sakainar kashi kamar kare. Saniya ta yi tari sau biyu an tafi neman malamin dabbobi, amma kwikwiyo sai ya yi mako uku yana ramewa ba wanda ya tambayi abin da ya same shi. Haƙarƙari ya fito, ciki ya yi tulu, gashi ya tashi, yau ya ci abinci gobe ya ƙi. In ya mutu sai a ce ai dama ba mai rayuwa ba ne, ko kuwa wani maƙiyi ne ya ba shi guba, a karɓo wani daga maƙwabta, shi ma ya bi sawun na farko.

Ba addini ne ya kawo wannan sakaci ba. Shari'a ta halatta ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona, a mazhabar Malikiyya kuwa, wadda mafi yawan Musulmin ƙasar nan suke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Sananne ne kuma labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ajiye dabba, cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyansa.

Abin da likitocin dabbobi suka sani shi ne, mafi yawan ciwon kwikwiyo da ake cewa an rasa gane kansa, ciwo ne wanda ba a bincika ba. Ɗigon jini da ɗan kashi kaɗan a ƙarƙashin madubin likita sukan bayyana abin da aka yi wata guda ana hasashe a kansa.

Tsutsar ciki ita ce ta farko. Akwai wata doguwa fara wadda take shiga jikin kwikwiyo tun yana cikin uwarsa, watau da ita ake haihuwarsa. Ita ce ke sa ciki ya kumbura alhali sauran jiki ya bushe. Akwai wata ƙarama mai ƙugiya a baki wadda yake sha a nonon uwa, ta maƙale a hanji tana tsotsar jini, har takan kashe kwikwiyo ɗan mako uku. Saboda haka ne ake fara ba da maganin tsutsa tun yana da mako biyu, a riƙa maimaitawa duk bayan mako biyu har ya kai wajen wata uku, daga nan sai wata-wata har ya cika wata shida, a haɗa da uwar. Maganar ba ta tsaya ga kare kaɗai ba. Ƙwan waɗannan tsutsotsi yana zuba a ƙasar tsakar gida inda yara suke rarrafe, ta farkon takan taɓa hantar yaro ko idonsa, ta biyun kuma takan kutsa fatar ƙafa ta bar wani layi mai ƙaiƙayi kamar tafiyar maciji.

Ta biyu kaska ce, wadda ba ta buƙatar gabatarwa ga makiyayi. Sai dai kaskar kare ta fi son zama cikin gida, a tsagar bango da ƙarƙashin tarkace, inda mace guda take zuba dubban ƙwai. Jinin da take sha ba shi ne babban laifinta ba. Tana sanya wa kare ƙwayoyin cuta iri-iri: wasu suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro yake yi wa mutum, har fitsari ya koma ja ko ruwan ƙasa, wata kuma, wadda masu bincike na Cibiyar Pasteur ta birnin Aljiyas suka fara ganowa cikin 1935, takan lafa cikin jiki watanni, kare ya yi kamar ya warke, sa'an nan ya dawo yana ramewa, wani lokaci har da haɓo. Wannan cuta ta kashe karnukan sojan Amurka masu yawa a yaƙin Biyatnam. Ita ce kan gaba cikin cututtukan da ke rikita mai kare, domin tana zuwa tana komawa.

Sammore ma, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa a kurmi da bakin rafi, ba shanu kaɗai yake kamawa ba. Karen da ke bin garke ko farauta yakan same shi ta cizon ƙudan, ko ta cin ɗanyen naman dabbar da ke ɗauke da cutar. Alamarsa a kare ita ce zazzaɓi mai tashi yana sauka, da kumburin fuska, da ido ya yi fari-fari kamar an shafa masa hazo.

Akwai dubawa mai sauƙi da kowane mai kare zai iya yi ba da kuɗi ba. A ɗaga leɓen kwikwiyo a dubi dasashinsa. Na mai lafiya jaja-jaja ne mai danshi. In ya yi fari fat, jini ya ƙare. In ya yi rawaya, hanta ta taɓu ko kuwa jini na farfashewa. A kuma ja fatar bayan wuyansa a saki: in ta koma nan take akwai ruwa a jikinsa, in ta tsaya a tattare ruwa ya ƙare. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan kada ya jira wayewar gari biyu.

A nan ne kuma ake yin kuskure mafi muni, kuskuren mai kyakkyawar niyya. A gandun kiwo kusan kowace ruga tana da maganin shanu a ajiye, musamman garin nan na sammore da aka sani da Berenil. Magani ne mai amfani ga saniya, likitoci ma sukan yi wa kare aiki da shi, amma sai an auna nauyin karen an ƙididdige daidai, domin tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke lalata ƙwaƙwalwar kare tazara kaɗan ce, maimaita allurar kusa-kusa kuma kisa ne. Wanda ya kimanta da ido, ya ɗebi na ɗan maraƙi ya danna wa kwikwiyo mai nauyin kilo uku, bayan kwana ɗaya ko biyu zai ga yana tangaɗi yana sandarewa. Haka nan ƙwayoyin ciwon jiki na mutane, irin su farasitamol da ibufurofen: na farko yana ɓata hanta, na biyu yana huda ciki ya kashe ƙoda. Maganin wankan shanu da ba a sirka shi daidai ba, shi ma ya kashe kwiyakwiyai da dama da sunan kashe musu kaska.

Wata cuta kuma ba ta ba da lokacin hasashe. Cikin 1978 aka ga wata sabuwar annobar karnuka ta bazu a duniya, wadda likitoci ke kira fabo. Takan kama kwikwiyo tsakanin mako shida da wata shida, ya yi ta amai da zawon jini mai ɗoyi, cikin 'yan kwanaki ya mutu in ba a yi masa ƙarin ruwa ba. Ƙwayarta tana daɗewa a ƙasa watanni, shi ya sa gidan da kwikwiyo ya mutu da ita, in an kawo sabo shi ma sai ya tafi, mutane su ce gidan ne ba ya karɓar kare. Ana wanke kasko da daɓe da ruwan bilic, ana kuma yin allurar rigakafi tun daga mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai wajen mako 16.

ABIN DA KE CIKIN KASKO

Sau da yawa an duba jini an duba kashi ba a ga kome ba, ashe ciwon yana cikin kaskon abinci. Abincin kare a ƙauye ƙanzo ne da ragowar tuwon jiya, sai abin da ya tsinta a juji. Babban kare yana iya maleji da wannan domin yana kama gafiya da ƙadangare ya cike giɓi. Kwikwiyo kuwa jiki yake ginawa, tuwo zalla ba ya gina tsoka. Yana buƙatar abin da ya fito daga dabba kowace rana: dafaffen ƙwai, ko kifi da aka cire wa ƙaya, ko guntayen nama da aka dafa, a cakuɗa da shinkafa ko tuwo ko dankali, da ɗan kabewa. Cikinsa ƙarami ne, saboda haka sau huɗu a yini ya kamata ya ci har ya kai wata uku, sau uku har wata shida. Ɗan ƙaramin kwikwiyo da ya yini bai ci ba yakan yi laushi har ya suma, ɗan zuma a dasashi yakan farfaɗo da shi kafin a kai ga likita.

Wanda ya ce to bari ya ba shi nama zalla, shi ma bai tsira ba. Tsokar nama ba ta da sinadarin da ke gina ƙashi, kwikwiyon da aka raina da ita kaɗai ƙafafunsa sukan lanƙwashe, ƙashinsa ya riƙa karyewa da ƙaramin tsalle. Dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa kamar tsinke ya soki hanji.

Batun madara ya shafi Paikon Kore musamman, tun da ƙasar shanu ce. Bayan yaye, cikin kare yakan rage iya narkar da sukarin da ke cikin sabuwar madara, saboda haka ƙwaryar madara da aka ba kwikwiyo don tausayi ita ce takan jawo zawon da aka rasa dalilinsa. Kindirmo ko nonon da ya yi tsami ya fi sauƙi a cikinsa, shi ma kaɗan-kaɗan.

Miyar gida tana da nata haɗari. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jinin kare in ya ci da yawa ko ya daɗe yana ci. Goro da cakulan suna ɗauke da sinadarin da jikin kare ba ya iya fitarwa da sauri, ya sa zuciyarsa bugawa fiye da kima. Sai kuma hatsin da ya yi fumfuna. A ƙasa mai ruwan sama kamar ta Abuja, masara da gyaɗa da ba su bushe sosai ba sukan kama wata fumfuna mai dafi, wadda aka gano bayan ta kashe talo-talo wajen 100,000 a Ingila cikin 1960 ta hanyar tunkuzar gyaɗa da aka sayo daga Barazil. Kare yana cikin dabbobin da wannan dafi ya fi yi wa illa a hanta, alhali kuwa hatsin da mutanen gida suka ƙi shi ake tuƙa wa kare.

Ga al'adar jefa wa karnuka huhu ko hantar dabbar da aka yanka aka tarar da ƙulli mai ruwa a ciki. Wannan ƙulli 'ya'yan wata tsutsa ne. Kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, ya zuba ƙwanta a ciyawa, shanu da tumaki su ci, mutum ma ya ɗauka a hannu, irin wannan ƙulli ya fito masa a hanta, wanda sau da yawa sai an yi masa aiki. Irin wannan kayan ciki binne shi ake yi da zurfi, ko a ƙone.

Akwai kuma karnukan da wani abinci ne kawai bai karɓe su ba, su yi ta susa da gudawa da ciwon kunne. Hanyar ganewa tana son haƙuri. Sai a tsayar da kare a kan abu biyu tak, nama iri ɗaya da bai saba ci ba da abin tuƙi iri ɗaya, har mako takwas, ba ragowar miya, ba yawon juji. In ya sami sauƙi sai a riƙa dawo da tsofaffin abincinsa ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Ga kwikwiyo mai tasowa ba a yin wannan sai da shawarar likita, don kada a tauye masa girma.

Mutanen Paikon Kore ba su yi nisa da taimako ba, domin Jami'ar Abuja tana da sashen koyar da likitancin dabbobi da asibitinsa. Mai zuwa ya tafi da ɗan kashin karen na safiyar ranar a leda, ya riƙe ranar da ciwon ya fara, da abin da karen ke ci, da kwalin duk wani magani da aka riga aka ba shi. Ɓoye wa likita cewa an yi allura a gida yana iya sa ya ƙara irinta a kai.

CIWON DA BA A JINYA

Akwai ciwo guda wanda ba a zama jinyarsa, watau haukan kare. Jama'a sun san karen da ke gudu yana cizon duk abin da ya tarar, amma ba kowa ya san cutar tana da wata fuska mai sanyi ba. Kare ya yi shiru, ya nemi lungu, muryarsa ta sauya, muƙamuƙi ya saki, yawu na dalala kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mai gida ko ɗansa ya zura hannu don ya ciro ƙashin, ya haɗu da yawun. Kwikwiyo ma yana ɗauka, kuma shi ne yara suka fi runguma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum sai dai ikon Allah. Amma tun 1885, da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Faris bayan cizon mahaukacin kare ya rayu, aka san ana iya tare cutar kafin ta kai ƙwaƙwalwa. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa cikin 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka, ana kuwa yi wa kwikwiyo daga wata uku, a sabunta yadda likita ya tsara. Masana sun nuna cewa in aka yi wa karnuka bakwai cikin goma na gari, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa.

Karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, a killace shi inda yara da dabbobi ba za su kai gare shi ba, a kira ma'aikatan dabbobi. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ko mafi kusa, a fara masa allura. Karen kuma a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma ba a jinkirta allurar mutum domin jiran abin da zai sami karen.